Sikeli Biyu a Ƙofar Ɗakin Baba

Agogon Baba na fara gani da na shigo gida daga lakwal, wato makaranta, ran nan. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya ɗaga hannu zai karɓi kofin ruwa, sai agogon ya sulale har kusa da gwiwar hannu. Wata huɗu ke nan da tafiyarsa cin rani Kano, inda yake ɗinki, kuma ba mu sa ran ganinsa ba sai hadari ya fara haɗuwa. Na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa.

"Uwata, zo ki ga tsaraba," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka.

Tsarabar wani sikeli ne na gilashi, mara nauyi, mai araha, da ya saya a bakin titi. Likitan da ya duba shi a can ya ce ya riƙa auna kansa duk Juma'a, in ya ga nauyi na raguwa kada ya tsaya ko'ina sai babban asibiti. Mu babban asibitinmu a Damagaram yake. Baba kuwa ko sunan garin ba ya son ji, don can aka kai mahaifinsa, gawarsa ce ta dawo.

A jikin kwalin an zana sikelin yana magana da waya, amma bai taɓa yi ba. Da Baffa, yayan Baba, ya zo dubiya ya gan shi, sai ya taɓe baki.

"Wannan ai faranti ne. Na awon tumatir ka sayo?"

"Yaya, kai da tumbinka kada ka hau, ba ni da na sayen wani."

Washegari Baffa ya aiko da nasa, mai tsada, baƙi, mai nauyi kamar dutsen niƙa, da ƙarafa huɗu inda ake ɗora tafin ƙafa. Ya haɗo da tsohuwar wayarsa. Ɗansa ya sa kowa ya hau ba takalmi, ya buɗe wa kowa shafinsa a cikin wayar, ya ce daga yau sikelin zai gane mutum da nauyinsa. Baba kilo hamsin da shida, ni arba'in da shida. Da yake rubutun na Faransanci ne, ni aka bar wa wayar.

A sati biyu na san halin kowanne. Mai tsadan, in daɓen bai daidaita ba, ba ya nuna komai. In ya nuna kuwa, ko sau goma ka hau abu ɗaya zai faɗa, sannan ya aika wa waya ta ja layi. Mai arahan ba ruwansa. A bakin ƙofa ya faɗi wannan, kusa da randa, inda simintin ya ɗan lotsa, ya ƙara maka kilo uku, wani lokacin huɗu.

Inna ma ta gano haka. Ban ji ta faɗa wa kowa ba, na dai lura duk Juma'a sai ta share gefen randa ta ajiye mai arahan a nan. Kuma ba ta kiran Baba sai ya dawo daga masallaci, babbar riga a jikinsa, carbi da makullai a aljihu, ya sha fura.

Juma'a ta uku mai tsadan ya nuna hamsin da huɗu. Baba ya sauka ya tura shi da ƙafa.

"Wannan abin Yaya ba shi da kunya. Mayar da shi ƙarƙashin gado."

Daga nan mai arahan kaɗai ya rage. Inna ta leƙa ta ce, "Alhamdu lillahi, yana nan yadda yake," Baba ya yi murmushi. Ni kuwa ni ke ɗauko kwanonsa, ina ganin tuwon da ya rage. Ni ke wanke masa kaya, na ga inda yake ƙulle mazagin wando ya matsa gaba. In ya tashi daga sujada sai ya dafa bango. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, balle in ƙaryata Inna a gaban Baba.

Haka muka yi wata biyu. Wata Asabar da hantsi Baffa ya zo daga kasuwa, ya tambayi sikelinsa. Na jawo shi na kakkaɓe ƙura. Baba yana cikin 'yar shara, ba babbar riga.

"Hau mu gani, angon randa," in ji Baffa, yana dariya.

Baba ya hau yana riƙe da ƙyaure. Rana ta haske fuskar sikelin, ba wanda ya iya karanta lambar daga tsaye. Wayar ta yi ƙara a hannuna. Ba shafin Baba ta buɗe ba. Nawa ta buɗe. Kilo arba'in da takwas, da 'yar kibiya mai kallon sama, wai na ƙaru da biyu. Sikelin ya nemi mutumin da ya sani mai hamsin da huɗu bai same shi ba, sai ya ɗauka ni ce na hau.

"Nawa ne, Uwata?"

Na dubi ƙafafunsa a kan ƙarafan, jijiyoyi duk a waje. Inna tana kallona, ludayi a hannunta.

"Pil ɗin ne ya yi sanyi, Baba," na ce, na ɗora wa batir laifin.

Suka ci gaba da hira a kan taki da iri. Da Baffa ya miƙe, na ɗauki takalmansa na bi shi har zaure, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya nisanta ta da idonsa.

"Ke kuma naki nake tambaya?"

"Ba nawa ba ne, Baffa. Na Baba ne."

Ya sake duban wayar, ni kuma na ƙarasa.

"Don Allah, Baffa, ka kai shi Damagaram gobe da motar safe. Kai kaɗai ne ba ya yi wa musu."