Sanyin Ƙarƙashin Gida Mai Taya

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta yi ta tura ma'aikata kwas ƙasar waje, har layi ya zo kan maigidana. Na biyo shi London da ƙaramin ciki da akwatin ƙarfe ɗaya. Ɗakin da aka yi mana alkawari bai samu ba, sai wani mutumin Gana mai sayar da kayan gwanjo ya ba mu gida mai taya da ke fake bayan shagonsa a Deptford, daf da kogi. 'Yan uwa suna can suna cewa mun tafi Turai cin daula, mu kuwa muna kwana cikin abin da bai fi motar haya girma ba.

A ƙasan akwatin nan akwai ƙunshi. Zanen goyo ne na saƙi, baƙin rini, wanda Inna ta goye ni da shi. Ranar tafiya ta cusa shi da hannunta, ta ce kada in kwance sai abin da ke cikina ya iso duniya. Ko kallona ba ta yi ba da ta faɗa, ni ma ban ɗaga kai ba. Cikin fari ne, kunya ba ta barin mutum ya yi zancensa, balle ya baje kayan jariri gaban miji.

Akwatin ba shi da wurin zama sai ƙarƙashin gado. Da ruwa ya kankama, irin yayyafin garin nan da ba ya zuwa ya wuce, sai na fara jin wani wari yana tasowa daga katakon ƙasa. Dardumar salla kullum kamar an yayyafa mata ruwa. Gishiri ya dunƙule, ashana ta ƙi kamawa. Na leƙa ƙarƙashin gidan na ga ƙasa jiƙe sharkaf, ruwan rufi duk can yake taruwa ya kwanta.

Na ce wa maigidana Malam akwai sanyi a ƙarƙashin gidan nan, yana hawowa.

A gidanmu haka ake faɗa. In shanya ba ta gama bushewa ba, sai Inna ta taɓa ta ce da sauran sanyi. In ɗaki ya sha ruwa da damina, a ce ya yi sanyi. Shi kuwa Malam da ya ji sanyi, sai ya ɗauka ɗari nake nufi, ai mai ciki ba ta son iska. Mutum ne mai son a ga yana kula da iyali, wannan ba zan ci amanarsa ba. Washegari ya kwaso kwalaye daga kasuwa ya zagaye ƙasan gidan da su.

Wari ya ƙaru. Na ce, "Malam, sanyin nan fa yana nan." Ya samo tsohon kafet ya ɗora kan kwalayen. Na sake magana, ya kawo falankai ya buga da ƙusa. Ran Lahadi abokansa 'yan kwas suka zo cin tuwo, kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce a toshe da tsumma, wancan ya ce ai tagogin ma a liƙe su da jarida. Aka bi kowace kafa aka cusa mata abu, suna yi suna yaba wa juna. Daga baya ya sayo hita mai kananzir, wadda in ta yi zafi sai gumi ya riƙa tsiyaya daga bango.

Haushi kamar ya kashe ni. Kullum ina faɗa, kullum yana gyarawa, kullum abin yana daɗa lalacewa. Shi ma ya fara ƙosawa. Ya ce ya rasa irin jikina, shi zufa yake yi a ɗakin nan amma ni kullum sanyi. Na ce ba jikina nake nufi ba, ya ce to me. Sai na bar zancen, don in na ci gaba dole in ambaci akwati, in na ambaci akwati dole in faɗi abin da ke ciki. Na ɗora akwatin kan bulo. In Malam ya fita nakan buɗe murfin in shinshina, in taɓa ƙunshin ta waje, in mayar. Wajen fitar da shi ya sha rana ma babu ranar.

Wata safiya ya taka bakin ƙofa, ƙafarsa ta burma cikin katako kamar ya taka gurasa. Ya fita ya ɓamɓare falanki ɗaya ya leƙa. Kwalayen sun zama kunu, kafet ya yi kore, ruwa na ɗiga daga cikin gidan zuwa ƙasa. Ya miƙe yana goge hannu.

"Ai wannan damp ne. Me ya sa ba ki ce damp ba? Ko ki ce danshi?"

Na ce, "Abin da nake faɗa ke nan tun ciki bai fito ba."

A ranar ya kwashe duk abin da ya buga. Ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa ya zuba tsakuwa a kai, ya haƙa wa ruwan rufi hanya zuwa kwata, ya bar gefe a buɗe iska na ratsawa. Sannu a hankali warin ya ja baya, ashana ta dawo kamawa. Har ya fara koya wa abokansa yadda ake yi.

Na haihu a babban asibitin nan na Camberwell. Da muka dawo na jawo akwatin na kwance ƙunshin. Fumfuna ta bi kowane ninki ta yi fari fat. Na ɗaga zanen, ya rabe biyu a hannuna ba ko ƙara. Malam yana tsaye da jaririya, ya tambayi ko mene ne, na faɗa masa. Ya fita, ya dawo da babban tawul daga kasuwa, mai zanen furanni. Da shi na yi goyon.

Da kwas ya ƙare muka koma gida. Inna ta zagayo bayana ta kwance yarinyar da kanta. Ta ajiye ta a cinya, amma tawul ɗin take juyawa a hannu. Ban jira ta tambaya ba, na ce sanyi ne ya ci zanen.

Ita ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta ce, "Ai da kin shanya shi."

Na ce ai ita ta ce kada in kwance.

Ta daɗe tana duban tawul ɗin, sannan ta ninke shi a tsanake ta miƙo mini.