Shekarun Gawon Gonarmu

Hadarin farko na daminar da nake aji na ƙarshe a makarantar lise a Konni ne ya kayar da gawon gonarmu. Da na je hutu ƙauyenmu, kusa da Illela, na tarar da shi kwance, awaki na hawa kansa.

Na kuma tarar da gardama. Kakata ta ce da aka kawo ta gidan amarya, shekara sittin da wani abu, gawon nan yana wurin. Kawuna ya ce shi da idonsa ya san shi ɗan tsiro bai kai ƙugu ba, lokacin yana saurayi. Maganar ba ta tsaya kan itace ba. An fara raɗa cewa tsohuwa ta soma rikicewa, kawu kuma yana son ya karɓi zaɓen iri daga hannunta. Tun kafin a haife ni ita ke duba zangarniyar gero ɗaya bayan ɗaya, ta ware wadda za a shuka baɗi.

Malaminmu na kimiyya ya taɓa nuna mana cewa itace na ƙara zobe guda a cikinsa kowace shekara, mai faɗi in ya samu ruwa, siriri in ya wahala. Ya ce itatuwanmu ba su cika fito da zoben sarai ba, sai an yi haƙuri. Ban faɗa wa kowa niyyata ba. Ranar da masassaƙi ya zo da zarto, na roƙe shi ya yanko mini faifai daga gindin. Ya tambaye ni ko tuwo zan ci a kai.

Kwana huɗu ina goge shi da yashi da tsumma a bayan rumbu. In na shafa ruwa, layukan sukan fito. Kowane goma na soka ƙaya. Na ƙirga daga ɓawo zuwa tsakiya ta hanyoyi uku, don wasu zobban sukan haɗe a gefe guda. Sau biyu na samu talatin da tara, sau ɗaya arba'in.

Lissafin kawu ke nan. Na kifa faifan, na ɗora masa kwando.

Da hantsi Kaka ta same ni a wurin. Ta ce ta ga angon nata ya daina shan fura, ko wata ce a Konni. Sai ta sa ƙafa ta ture kwandon.

"Faɗa mini abin da ka gani."

Na faɗa, idona a ƙasa. Ta tsuguna ta bi ƙayoyin da yatsa har tsakiya, ta tambaya ko nan ne farkon. Na ce nan ne.

"Farkon wannan reshen dai," in ji ta.

Ta ce a zamaninsu, in ana sharar gona, ba a barin tsiro ko ɗaya. Kowace bazara kakana yakan sare gawon nan har ƙasa, kowace shekara kuma ya sake tohowa daga kututturen. Ita ke kwashe ƙayar. Sai bayan wata shekarar yunwa, da iska ta binne shuka sau biyu, ya zaɓi toho guda ya bar shi ya tashi.

Da la'asar muka tafi gona mu uku, kawu riƙe da fartanya. Saiwar na waje inda iska ta tumɓuke ta. Muka kakkaɓe ƙasar. A ƙarƙashin gindin akwai wani baƙin dunƙule, ya fi gangar jikin faɗi, duk tabon sara, wani kan wani. Na fara ƙirga su, na bari, don sun cinye juna.

Kawu ya daɗe yana shafa tabon. Ya ce wannan saran gatarin babansa ne, haka yake karkatar da hannu.

Da aka yi girbi, shi ya ɗauko dammunan ya ajiye gaban tabarmar Kaka don ta zaɓi iri.