Kunnen Baba da turbon jirgina

"Kashe shi za ka yi," in ji Baba daga kan tabarmarsa.

Jiya ne bayan la'asar, a gidanmu na Illela. Ina wasan jirgin yaƙin zamanin da a kwamfuta, kuma sau uku ke nan injin yana ƙonewa da zarar na yi sama sosai.

Baba tsohon direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, tsakanin Ƙonni da Tawa. Tunda idonsa ya rufe, ba ya cewa komai sai amsa gaisuwa.

Na ce, "Baba, wasa ne fa."

"Ko wasa na, wanga kukan turbon injin na. Ka matsa mishi fiye da ƙarfinai. Sassauta mishi tukuna, sannan ka rage wuta."

Na bi maganarsa. Jar fitilar gargaɗi ta mutu, jirgin ya sauka lafiya.

Sai ya jawo tabarmarsa kusa da ni. "Sake tashi in ji."

Shekara biyu muna tambayarsa ya jiki, babu wanda ya tambaye shi abin da ya sani.

Ku masu tsoho a gida, yaushe rabonku da neman shawararsa?