Wa Zai Kira Giwa da Sunanta

A La Courneuve, duk matar da biki ya taso mata ta san ƙofar Hajiya Raliatou. Shadda, atamfa, turaren wuta, humra, duk suna jibge a falonta har kusa da rufi. Mutuniyar Tawa ce. Ta biyo mijinta Faransa da goyo a baya, shi yana sayar da kayan fata. Da Allah ya yi masa rasuwa, tana fita takaba ta buɗe akwatin zannuwa, da shi ta riƙe 'ya'yanta biyu a lakwal, wato makarantar boko, har suka zama mutane. Mace ce mai kirki, wannan ba gardama. Amma fa ba ta yarda da kowa. Dillali ya kawo mata shadda ya rantse ta asali ce, sai ta zare zare guda ta ƙyasta masa ashana ta shinshina. Likita ya rubuta mata magani, sai ta kai wa wani likitan ya karanta. Ko gaisuwa ka tsawaita mata, tana amsawa tana tunanin abin da ka zo roƙo. Matan unguwa Hajiya Ban-Yarda-Ba suke ce mata, a bayan idonta mana, wa zai faɗa a gabanta?

Babban ɗanta, Abdourahamane, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Lyon. Shiru-shiru ne tun yana ƙarami. Abin da ke cin ranta shi ne tun da ya koma can ya zame mata baƙo. Ta yi masa Hausa ya amsa da Faransanci. Ta tambaye shi ina yake zuwa ran Lahadi ya ce wurin abokai. Waɗanne abokai? Ɗiyan wa? Tana ji a jikinta yaron nan yana sulluɓe mata, kuma ba ta san hannun da ke jan sa ba.

Da ya zo Babbar Salla ne ta kama bakin zaren. Tana kicin tana suyar nama, shi ya fita baranda da salula, sai ga Hausa tana zuba daga bakinsa tar, Hausar da ita ba ta samu.

"Solomon, na gaya maka. In ka sake rikiɗa ka zama giwa ran Lahadin nan, to ba ka komawa mutum da kanka. Na gaji. Sauran ma sun gaji."

Matsami ya suɓuce mata cikin mai. Inna lillahi! Rikiɗa? Ta taso tana jin labarin masu rikiɗa su zama kura, kuma ba ta taɓa jin an ambaci ɗayansu da alheri ba. Ga shi kuma aikin jini yake yi! Yana shiga wanka ta zazzage jakarsa, ba kunya ba tsoro. Ta samu wata 'yar jakar fata cike da 'ya'yan lido, amma ba irin na gida ba, waɗannan fuskokinsu sun yi yawa, da wani ɗan gunki tsawon yatsa, jikin mutum kan kura.

Ta kira Afra, ƙanwarsa da ke aure a Sevran. Afra ta yi dariya har da tari.

"Inna, wasa ne fa. Zama suke a tebur suna ƙaga labari, kowa da mutumin da yake zama a ciki. Yaya shi ne metir ɗinsu."

"Metir? Ashe shi ne ma babbansu?"

"Mai jan labarin, Inna."

Hajiya ta kashe wayar. Dama ta sani, an haɗa baki da Afra.

Ran Lahadi ba ta gaya wa kowa ba. Ta ƙulle yaji da naman Salla a leda don ta sami abin cewa, ta shiga jirgin ƙasa, ta sauka Lyon ta nemi bas ɗin Rillieux-la-Pape. Duk wanda ya kwatanta mata hanya sai ta sake tambayar wani. Bayan azahar ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗan nata, ashe ranar a gidansa aka taru. Wani dogon Balarabe ya buɗe, Yanis sunansa, ya kalle ta ya juya ya ƙwala kira, "Abder! C'est ta mère!" Wato ga uwarka nan.

Abder. Sunan ya tsaya mata kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ɗan nata ya fito a ruɗe ya durƙusa yana tambayar lafiya.

"Lahiya lau. Ku ci gaba da abin da kuke. Ni nan zan zamna."

Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, ta bi ɗakin da ido. Ba kuɗi a kan teburin, to ba ta kama su da caca ba tukuna. Ba kwalbar da ba ta gane ba, shayi ne da gyaɗa. Ta shinshina, ba hayaƙi. Sai wata babbar takarda a shimfiɗe mai zanen gari da kogi, da gumaka irin na jakarsa a jere. Kada ku ce hankalinta ya kwanta. Abin da ta gane kawai shi ne sun iya ɓoyo.

Solomon ɗin ashe wani gajere ne mai tumbi, injiniya daga Jos. Ko gama gaishe ta bai yi ba ya shiga kai ƙara.

"Mama, gara da kika zo ki raba mu. Ni boka ne a wasan nan. Na sha wahala kafin na samu asirin rikiɗa, yanzu ɗanki yana mini baƙin ciki."

Yanis ya tare shi da Faransanci, wanda Hajiya take ji sarai ko da ba ta son yi. Ya ce shi mayaƙi ne mai takobi, amma tun da Solomon ya samu asirin nan takobinsa bai sake fita kube ba. Ana haɗuwa da abokan gaba Solomon zai zama giwa, ya tattake kowa, kibau su ƙare a fatarsa, sannan ya koma mutum ko ƙwarzane babu. Su kuwa sai cin gyaɗa. Ya ce in haka ne gara ya yi zamansa gida ran Lahadi.

Ashe Abdourahamane ya daɗe yana neman dabara. Ya ce boka ba zai zama dabbar da bai taɓa gani ba, Solomon ya ce ai bokansa cikin giwaye ya girma. Ya ce to sau ɗaya a yini, sai Solomon ya riƙa sa kowa ya kwanta barci bayan kowane faɗa don gari ya waye. Hajiya ta dubi Solomon da kyau. Wannan ta san irinsa, dillali ne ko bai sani ba.

Yau sai ga sabuwar doka. Abdourahamane ya ce ƙarfin giwa yana nan, ba a rage komai ba. Amma giwa ba ta magana, kuma ba ta komawa mutum da kanta. Sai wani cikin abokan tafiya ya bar nasa bugun, ya matso kusa, ya kira bokan da cikakken sunansa. In an yi jinkiri, za a jefa ɗan lido, abin da ya fito shi zai nuna me giwar ta manta.

Solomon ya ce zalunci ne, amma da 'yan fashi suka tare su a bakin kogi ko numfashi bai ja ba ya zama giwa. Ya watsa su. Aka zo mai da shi mutum, Yanis ya buɗe baki ya tsaya. Tun farkon wasan Solomon ya raɗa wa bokansa suna mai tsawo har da kirari, kowa ya gutsure shi ya koma Zaza, yanzu ba wanda ya tuna sauran. Solomon ya kumbura kumatu yana nuni da hannu, doka ta hana shi magana. Aka jefa ɗan lido, giwa ta manta garinsu. Aka sake jefawa, ta manta fuskar Yanis.

"Ba mugunta ba ce, Solomon," in ji Abdourahamane, da Hausa, idonsa a kan takarda. "Wanda ba a kiran sunansa, a hankali yake manta ko shi wane ne."

Solomon ya yi dariya, sauran suka taya shi, ban da Hajiya. Habaici ne! Bai kalle ta ba, kuma rashin kallon nan shi ya tabbatar mata. Da ya kalle ta ma da ya tabbatar.

Gaskiya ce, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan uban mijinta aka sa masa, kunya biyu ke nan. "Kai," take cewa, ko "yayan Afra." A lakwal in an tambaye ta sunan yaro sai ta miƙa takardarsa a karanta. Haka uwarta ta yi wa babban wanta, kuma bai taɓa shakkar ana son sa ba. To amma shi a Tawa ya girma, inda kowa ya san ma'anar shirun. Wannan kuwa a nan ya tashi, cikin yaran da uwayensu ke ƙwala musu kira daga taga.

Ta bi shi kicin da ya je ɗora wani shayin.

"Da ni kake?"

"Da ke kuma, Inna? Giwar Solomon ce ta fi ƙarfin tebur. So nake mai ƙarfi ya buƙaci mutane, shi ke nan."

"Wanga guntun suna da suke kiran ka da shi, wa ya raɗa maka?"

Ya zuba ruwa a buta. "Su dai suna kira na da wani abu."

Ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Tsoro ta ji, da baƙin ciki, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar ubansa.

Da yamma ya raka ta tashar jirgi. Mutane cike, yana gaba riƙe da jakarta yana buɗa mata hanya, tana kallon ƙeyarsa. Ta nemi gafarar surukinta a zuci, ta faɗi sunan. Ya fito siriri, hayaniya ta haɗiye shi. Ta tsaya cak, ta sake faɗa da ƙarfi, cikakke.

"Abdourahamane."

Ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga kai ya duba bayanta ta saman mayafinta. Sannan ya sunkuyo.

"Inna, kin ji kamar wani ya kira ni?"

Ta bincike fuskarsa ko za ta ga alamar zolaya ko ramuwa. Ba ta ga komai ba. Da gaske bai gane muryar ba, kuma ta so a ce ƙarya yake mata.

"Ni ce," ta ce.

Ya sauke jakar ƙasa.