Wasiƙar da Aka Ɗinke a Fata

Kafin a sa ni boko, kakana ya koya mini ajami a zaurensa na Ƙofar Marusa. Har na zama likitan ƙwaƙwalwa mai duba yara da matasa, hannuna bai daina fara rubutu da bisimilla ba. Wannan ɗabi'a ta taɓa jawo mini kuskure, wanda har yau nake gode wa Allah da yadda ya ƙare.

Wata Talata wata tsohuwa daga Ƙofar Sauri ta kawo jikarta, yarinya 'yar shekara tara. Wata uku ke nan ba ta magana, abinci sai an matsa mata, makaranta kuwa ta daina zuwa. Da na sa nas ta fita da yarinyar, tsohuwar ta gaya mini uwar ta rasu wajen haihuwa, amma an ce wa yarinyar ta tafi Kano jinya. Na ce lalle a faɗa mata gaskiya. Ta ce ita bakinta ba zai iya ba, wannan sai uban. Shi ɗan acaɓa ne, bai yi boko ba, amma ya yi allo.

Layi ya yi tsawo a waje. Na yagi takarda na rubuta masa da ajami cewa ya faɗa wa yarinyar gaskiya, na ninke ta ƙanana yadda kakana yake ninke tasa, na ce a ba mahaifinta.

Bayan mako biyu suka dawo su uku. Muka gaisa da uban, muka tambayi gida da aiki da haƙurin rashi. Ya ce an yi yadda na ce, amma har yanzu shiru. Sai na lura da sabuwar laya ta jar fata a wuyan yarinyar. Na tambayi inda aka samo.

"Ai taka ce, Malam likita," in ji tsohuwar. "Baduku ma sai da ya yaba ninkin."

Ashe da uban ya ga bisimilla ta leƙo a gefen ninkin, bai buɗe ba, domin ba a buɗe abin da malami ya naɗe. Laifin nawa ne, na kuma faɗa musu haka. Na roƙi yarinyar ta ara mini layar, nas ta sake fita da ita. Na ba uban reza. Ya farke ɗinkin a hankali, ya bi layukan da yatsa, leɓɓansa suna motsi. Da ya kai ƙarshe ya ajiye takardar. Ya ce yana tsoron in ta ji, abin da ya rage na hankalinta zai tafi. Na ce ba zan yi masa alkawarin ba za ta yi kuka ba, amma ina nan zaune, kuma ba za mu tashi ba sai ta natsu.

Aka shigo da ita. Ya durƙusa har kansu ya yi daidai, ya ce, "Ɗiyata, Ummanki ba ta Kano. Allah Ya karɓi abinsa."

Ta dube shi. Muryarta ta fito a dushe, kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Na sani, Baba. Na ga zanenta a jikin Gwaggo." Ta ƙara da cewa, "Na ɗauka kai ne ba ka sani ba."

Wata uku tana rufe baki don kada maganar ta kuɓuce mata a gabansa. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ajiye biro, don babu abin da zan rubuta.

Ba ranar ta warke ba. Mun yi wata biyar muna haɗuwa, wani zuwan ta yi surutu, wani ta yi shiru, kafin ta koma aji. Tun daga lokacin, duk takardar da na rubuta wa iyaye sai mun karanta ta tare kafin su tashi, ko layi ya kai bakin titi.

A zuwansu na ƙarshe ta nemi in mayar mata da fatar layar. Ta ce ɗan kunnen Ummanta za ta riƙa ajiyewa a ciki. Na buɗe aljihun tebur na miƙa mata, na ce Allah Ya jiƙan mai shi. Uban ya amsa da amin, ita ma ta amsa.