Tsohon Gilashin Malam Mas'udu Mai Hoto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 12 ga Yuni, aka kira ni ina shagona na wanke hoto a Ƙanƙara, aka ce an tare Malam Mas'udu Mai Hoto tsakanin Yankara da Faskari, an harbe shi. An bar babur ɗinsa da wayarsa. Kyamara kawai aka ɗauka.

Malam, mun sha yi maka tsiya kan kyamarar nan. Sabuwa fil, mai kaifin idon da ke ƙirga gashin gira, amma ka ɗaura mata tsohon gilashin kyamarar mahaifinka Alhaji Gide, na zamanin fim, da wani zobe da ka yi oda. Ba ya jawo na nesa, ba ya saita kansa. Sai ka tako kusa, ka yi ta murza shi a hankali. Ga shi yana duhunta gefen hoto. Na ce maka ka sa wa doki linzamin jaki, ka yi dariya ka ce, "Salahuddeen, shi ka fiddo mutum yadda uwa tai ta san shi."

Gaskiyarka. Da aka tashi ƙauyukan Sabuwa, kai ka bi masu gudun hijira makarantar da suka sauka kana ɗaukarsu kyauta. Hajiya Barakatu ba ta da abin tuna ɗanta Rabo sai hoton da ka yi masa kafin a sace shi. Har ta kai matafiya kan biyo ta wurinka ka ɗauke su hoto kafin su hau hanya, ba wanda ke faɗin dalili.

A cin kasuwar Yankara da ya wuce, ka durƙusa kana saita wa Baba Mani mai dawa fuska. Can gefe wani mai rawani yana ɗaure jarkokin fetur a babur. Ka daɗe kana murzawa kamar kullum, mai rawanin kuwa ya ɗauka shi kake nufi. Ka gaya mini kallon da ya yi maka bai kwanta maka ba. Da ka kawo mini hotunan, na buɗe wannan a kwamfuta na ƙara masa girma iyaka. Baba Mani ya fito ras. Gefen kuwa duhu ne, ba fuskar da za a shaida. Wannan ne ke cin raina, Malam.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya karɓi shahadarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Malama Rukayya da yara da jama'ar Faskari. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ni ma ina roƙon addu'arku. Jiya maƙwabcina ya ce wani baƙo ya tsaya bakin layinmu a kan babur, yana tambayar wane ne ke wanke wa marigayi hotuna.