Baba Mai Takalmi da Rumfar Ƙarƙashin Bene

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, mai shara ta shigo ɗakin karatun da nake aiki, tsintsiya a hannu, ta ce, "Uwar littattafai, Baba Mai Takalmi ya cika." Shekara ashirin da uku kana zaune a rumfar ƙarƙashin benen ginin nan, Baba, kana rufa wa ƙafafunmu asiri.

Kunya ce ta fara kai ni wurinka. Ni ce mai hana mutane surutu a ɗakin karatu, ga takalmina na hagu yana sakin wata ƙara a kowane taku, irin wadda ke sa mutum ya harari na kusa da shi ya toshe hanci. Na cire zan miƙa maka, ka ce, "Mayar da shi, 'yata. Takalmi ba ya kuka a hannu." Ka shimfiɗa dogon katako, ka sa na taka shi sau uku, idonka a rufe. Sai ka ce iska ce ta maƙale a ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Ka ɗaga ta, ka barbaɗa hoda, ka goga kakin zuma a bakin ɗinkin. Na koma aiki shiru kamar kyanwa.

Haka ka yi wa ma'aikaciyar jinyar da dunduniyar takalminta ke tada marasa lafiya, ƙusa ɗaya ka buga. Haka ka yi wa magidancin da za shi ganawar neman aiki yana gumi, har addu'a ka bi shi da ita.

Takalmi ɗaya ne ya gagare ka, ko kuwa in ce ka bari ya gagare ka: na manajan ginin. Mutum ne mai son sanɗa, ya faɗo wa masu shara suna ɗan miƙe ƙafa, ya sallami wadda ya ga dama. Amma takalminsa yana shelar zuwansa tun daga hawa na biyu, kafin ya iso kowace ta kama tsintsiyarta. Sau uku ya kawo maka, sau uku kukan ya dawo bayan kwana biyu. Na tambaye ka, "Baba, kai kuwa?" Ka ci gaba da zura zare a basilla, ka ce, "Tsufa ne, 'yata. Kunne ya yi nauyi." Kai da kake jin ƙusa ta saki a ƙafar mai wucewa a titi!

Ina zaton shi ma manajan ya gane. Ba a yi mako biyu ba aka ce za a yi wa ƙarƙashin bene fenti, ka koma bayan gini na ɗan lokaci, daf da janareta. Ka kulle rumfarka, ka ɗauki akwatinka, ka tafi ba musu. Wata huɗu ba mu ga ko gwangwanin fenti ba, sai tarinka da muke jiyowa ta taga. Ban ce manaja ne ya kashe ka ba. Ajali na Allah ne, kuma na san zato zunubi. Amma na karanta isassun littattafai da zan san ruwa ba ya tsami banza.

A wurin gaisuwa manaja ya fi kowa share ido. Yana gama shafa addu'a ya matsa kusa da matarka, ya ce, "Inna, makullin rumfar fa? Don a adana masa kayansa." Washegari maigadi ya gan shi da surukinsa mai sayar da wayoyi, sun ja igiyar awo a ƙofar rumfar. In ka ga kare yana sunsuna takalmi, ɗauka zai yi.

To, bari manaja ya sani: masu haya a ginin nan ne suka ba Baba wurin, ba shi ba. Babbar 'yarka, wadda ta yi shekara goma tana ɗinki a gefenka, ita ke ciyar da Inna da marayunta uku. In rumfar ta tafi, tukunyar gidan ta kife. Inna ba ta ba manaja makullin ba, ni ta ba, yana cikin jakata. Ranar Litinin da safe zan buɗe wa 'yarka da hannuna, masu shara da maigadi da ma'aikaciyar jinya suna tsaye. Mai son karɓa ya zo ya tambaye ni a gabansu.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Yadda ka suturta mu, Ya suturta ka ranar tonon asiri. Inna, da 'ya'ya, da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya fi ƙarfin duk mai sa ido a kan abincin marayu. Amin.